Littafin aikin fodkas ɗinmu na manoman fadama, daga Argungu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Bismillah. Yau dai na daina cewa zan fara zan fara, na fara. Wata wajen biyar ina ta maganar shirin nan a shago har yaran da ke kawo caji sun sa min suna mai gidan rediyo. Ga wanda bai sani ba, ina da ɗan shagon cajin waya da tura fina-finai da karatu a memori nan cikin garin Argungu, kuma gidanmu manoman shinkafa ne kaka da kakanni, ni kaɗai na zame na bi waya. Abin da nake so in yi shi ne hira da manoma da 'yan kasuwa, irin wadda ake zama mutum biyu da makirfo a gaba ana ɗauka a bidiyo a ɗora a YouTube, wato fodkas. Duk wanda ka gani yanzu daga Kano zuwa Abuja haka yake yi, kujeru masu laushi da fitila da kofin shayi a tebur, amma hirar ba ta wuce 'yan fim da siyasa da rigimar aure. Ban taɓa cin karo da wanda ya zaunar da mai noman rani ya tambaye shi lita nawa ta fetur injinsa ke sha kafin shinkafa ta nuna ba, alhali tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu maganar da ta fi wannan zafi a fadamarmu.

Kayan da na saya yau, ɗan'uwana ya taho min da su daga Birnin Kebbi: ƙaramin mayik maras waya mai kai biyu irin na maƙalawa a wuyan riga naira 21,000, ƙafar ɗora waya 8,500. Kyamara kuwa wayata ce, ba ni da wata. Ƙanena da ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako shi ne mai ɗauka, albashinsa data.

Laraba, 8 ga Janairu

Gwaji na farko a ɗakin bayan shago. Kai jama'a. Da na saurara sai ka ce daga cikin rijiya nake magana, ko'ina amsa-kuwwa, ɗaki ne na siminti sama kwano babu silin, murya na dukan bango tana dawowa. Ni a tunanina tunda na sayi mayik an gama, ashe ɗakin ma kayan aiki ne. Ga kuma ƙarar janaretan maƙwabcina mai walda tana shigowa ƙasa-ƙasa kamar kukan kurciya.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun rataya tabarmi uku a bango, mun jingina tsohuwar katifa a bayan inda nake zama, ƙasa mun shimfiɗa darduma, sama kuma mun ɗaura buhunan shinkafa da anka farke. Ƙusa da igiya 1,500. Muryar ta zauna sosai. Inna ta leƙo ta ce ɗakin ya zama kamar na mai jego.

Lahadi, 12 ga Janairu

Baƙon farko Kawu ne, wan mahaifiyarmu, shekara fiye da talatin yana noman fadama. Tun jiya na roƙe shi ya zo ɗakin da munka gyara, ya ce shi ba ya barin gona ana dashe ya zo ya zauna cikin buhuna, in ina son magana in same shi can. To haka munka ɗauki kaya a babur da sassafe cikin hazo, sanyi na shiga har ƙashi.

Da munka isa yana tsaye cikin ruwa har ƙauri, wando naɗe, yara na ta dasa iri a layi. Na gaishe shi na ce Kawu ga mu mun iso. Ya dubi ƙafar wayar nan da ƙanena ke ta kiciniyar kafawa cikin laka ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka so in hwaɗi wanda mutane ba su sani ba?" Na ce Kawu ka dai faɗi yadda kake yi. Na maƙala masa mayik a wuyan riga, yana ta ƙoƙarin cirowa ya kai bakinsa kamar mai kiran salla, sai da na riƙe hannunsa.

Amma da ya fara, wallahi ban so ya tsaya ba. Ya yi maganar sipi, wato Faro 44, dalilin da ya sa yawancin mutane nan sunka koma mata, da yadda ake renon iri a bedi kafin a cire a dasa, da lokacin da ake zuba taki na farko da na biyu. Ya ba da labarin shekarar 2015 da Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, yadda har ma'aikatan gwamnati sunka riƙa shigowa fadama neman hayar gona, da yadda buɗe kamfanin casar shinkafa nan Argungu a 2017 ya sauya cinikin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Sai ya gangaro kan fetur, nan muryarsa ta canza, ya ce da can ba ya ƙirga sau nawa ya ta da inji, yanzu kuwa kowace tayarwa sai ya yi lissafi da yatsu, kuma maƙwabcinsa ya mayar da nasa injin mai aiki da tukunyar gas, wani can gaba ya sa na sola.

Minti 48 munka ɗauka. Na dawo gida ina murna, na sa abin saurare a kunne, sai fuuu fuuu fuuu. Iskar hunturu ta cinye kusan rabin hirar, duk inda ya juya fuska gabas ba ka jin komai sai iska, sannan injin ban ruwa na gonar kusa yana ta bugawa tun daga farko har ƙarshe, mu da muke wajen kunnenmu ya saba ba mu ma lura ba amma mayik bai san sabo ba. Akwai wani ɗan gashi-gashi da ya zo cikin kwalin mayik ɗin, na ɗauka ado ne na bar shi a shago. Ashe shi ne maganin iska.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwana uku ina yanka da CapCut, manhajar gyaran bidiyo, a waya. Daga minti 48 na tsira da 22. Akwai wajen rage hayaniya a ciki, ya rage injin amma in ka matsa masa da yawa sai muryar Kawu ta koma kamar ta aljani, dole na bar ɗan ƙara. Fayil ɗin ya fito kusan giga ɗaya. Na fara lodi ƙarfe sha ɗaya na dare, ya kai kashi 71 sabis ya ɗauke, da asuba na tarar ya tsaya cak.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ya hau jiya da dare bayan na rage ingancin hoton zuwa 720. Alhamdulillah kashi na ɗaya ya fita. Na watsa link a sitatus da guruf-guruf.

Yau kuma duk hirar shago ita ce an rufe TikTok a Amurka, har da CapCut ɗin da nake aiki da shi tunda kamfani ɗaya ne ke da su, ByteDance na China. Mu nan bai shafe mu ba, yana aiki lafiya lau, amma abin ya tsaya min a rai, mutum ya tara mabiya shekara da shekaru a gidan haya rana ɗaya a ce an kulle ƙofa. Na ce wa ƙanena daga yau duk abin da munka ɗauka sai mun ajiye namu a hannu.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Daidai lokacin da na shiga sana'ar da ke cin data kamar gara.

Asabar, 25 ga Janairu

Mako ɗaya: kallo 143, mabiya 19, cikinsu na san 15 da sunansu. Abin da ya fi ci min rai shi ne wajen da ke nuna tsawon kallo, yawanci minti uku ba su cika ba sun fita, ke nan ba su ma kai wajen maganar fetur ba.

Na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in sayi mayik. Kafin YouTube su fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowa minti uku yake yi, ina buƙatar kallo 80,000. Ni da ke da 143. Abin da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa.

Laraba, 29 ga Janairu

Kashi na biyu, da wani mai gyaran injin ban ruwa, a ɗaki munka yi. Sauti tas. Ba wata matsala.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Wannan ranar ba zan manta da ita ba. Wayata ta cika, don haka ranar Juma'a na sayi memori wajen wani mai yawo da su a faranti, an rubuta 64GB a jiki, 6,000 ya ce, na ga araha na karɓe, ni da nake sana'ar memori fa, ni da nake yi wa mutane faɗa kan irin wannan. Na sa a waya ta nuna 64 ɗin, na ce shi ke nan.

Yau na yi sammako zuwa Aliero, ta Birnin Kebbi, Kalgo, Jega, don hira da wani Alhaji dillalin albasa da abokina ya haɗa ni da shi, mutum ne da ke loda motoci zuwa kudu. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa anka kawo fura, ya zagaya da ni rumbunan da ake ajiyar albasa, irin na kara da ciyawa da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ya ɗauko guda ya matsa wuyanta da babban yatsa ya nuna min yadda ake gane wadda za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe cikin mako biyu ta kuma ɓata na kusa da ita. Ya yi bayanin yadda ciniki ya koma waya, da can sai mai saye ya taso tun daga Legas ko Onitsha ko ya aiko yaronsa, yanzu kiran bidiyo ake yi a WhatsApp a buɗe buhu a nuna masa, ya turo kuɗi ta banki, direba ya riƙa turo inda yake a hanya. Ya ce shi bai iya karatun boko ba amma saƙon murya ya raba shi da neman mai rubuta masa. Awa ɗaya da minti goma, hira mafi daɗi da na taɓa yi, har da dariya har da labarin motar da ta lalace masa a hanya kwana huɗu albasa ta fara tsiro.

Na dawo bayan isha'i na buɗe. Fayil na nan, sunansa na nan, girmansa na nan, amma ya ƙi buɗewa. Na sa a kwamfutar abokina, haka. Munka gwada memorin da manhajar gwaji sai ga shi ainihin cikinsa bai kai giga 8 ba, an dai yi masa dabara ne yana nuna 64, duk abin da ya wuce ƙarfinsa sai ya riƙa karɓa yana zubarwa. Hotunan rumbu na farko-farko ne kawai sunka tsira. Kuɗin mota da babur 9,000, ga shago a rufe wuni guda. Ban ci tuwo ba na kwanta.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na daure na kira Alhaji. Na ce Alhaji ranka shi daɗe, abin kunya ya same ni, na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yaro, araha ba ta ado. To mi za a yi yanzu?" Na ce ko in sake zuwa. Ya ce lodi ya kankama ba shi da sukuni, amma in turo tambayoyin ta saƙon murya shi kuma in ya samu sarari da dare zai riƙa amsawa. Haka munka yi, tambaya tara, amsa tara, wata minti biyu wata minti shida. Na jera su na haɗa da tawa muryar, na ɗora hotunan rumbun a kai. Sabon memori na gaske daga shagon da na sani 11,000, kuma sai da na cika shi taf na gwada kafin in biya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wani abu ya faru yau da ya juya min tunani. Wani dattijo daga ƙauyen da ke hayin gulbi, yana zuwa duk mako in sa masa wa'azi da waƙoƙin gargajiya a memorin 'yar rediyonsa, irin mai batir da tocila a kai. Ya miƙo ya ce, "Ɗana, an ce kai ka ɗauki maganar wane ta shinkahwa, sa min ita ciki." Na ce Baba ai bidiyo ce tana YouTube. Ya ce shi bai san wannan ba, shi dai kunne gare shi, kuma a gona yake saurare hannunsa cikin laka, wa zai tsaya kallo.

Nan take na cire sautin kaɗai na mayar da shi MP3 na sa masa. Kafin la'asar mutum huɗu sun zo da irin wannan buƙata, ɗaya ma da Xender ya karɓa ya ce zai tura wa 'yan garinsu. Sai na tsaya ina kallon girman fayil ɗin: bidiyon Kawu ɗaruruwan mega, sautinsa kuwa mega goma da 'yan kai, don in ka fitar da shi a 64kbps minti ɗaya bai cika rabin mega ba, kuma ga maganar baka ya wadatar. Ni ina can ina kwana ina lodin hoton da mutanen da na yi abin dominsu ba su da datar kallo, ba su ma da lokacin kallon.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sabon tsari. Kowane kashi zai fita kala uku: sauti zalla na WhatsApp da memori, gajeren bidiyo ɗaya ko biyu da na yanko wajen da ya fi daɗi, sai cikakken a YouTube in data ta samu. Na buɗe channel a WhatsApp, abin da sunka kawo tun 2023, ya fi min guruf don ba mai ganin lambar wani kuma ba mai cika shi da barka da Juma'a da tallan atamfa. Tsohuwar hanyar broadcast ba ta yi min ba, mutum 256 kawai take ɗauka kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai samu.

Na kuma ɗora sautin a Spotify for Creators, wanda da ake kira Anchor, Spotify sunka saye shi a 2019, kyauta ne. Gaskiya don 'yan'uwanmu da ke Abuja da ƙasar waje na yi, ba na tsammanin ko mutum biyar a nan na buɗe shi. Wani ya ce in sa a Google Podcasts, na ce ai tun bara anka rufe shi.

Sabon farashin data ya fara aiki a layina.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Saƙo daga YouTube kan kashi na uku, wai akwai kiɗa mai haƙƙin mallaka. Laifina ne, na yanko daƙiƙa 25 daga wata waƙar noma na sa a farko, a zatona tsohuwar waƙa ce ba mai ita. Ashe akwai wanda ya yi rajistarta, kuma na'urarsu na gane sauti ko ɗan kaɗan ne. Ba su sauke bidiyon ba, amma ko da ana samun kuɗi a kansa ba nawa ba ne. Na cire. Yamma na je wajen wani makaɗin kalangu na unguwarmu ya buga min na rabin minti, na ce nawa, ya ce in dai riƙa ambatonsa. Ya ma fi dacewa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tun farko ina son a ji matan da ke turara shinkafa suna shanya suna kaiwa inji, don rabin shinkafar da ake ci a garin nan ta hannunsu take bi. Gwaggo ce shugabar masu yi a layinsu. Na je na durƙusa na ce Gwaggo ina son hira. Ta ce hoto dai a'a, ba ta yarda fuskarta ta yi yawo a wayoyin maza ba, sauran matan ma mazansu ba za su bari ba. Da a watan jiya ne da sai in haƙura in ce ba bidiyo ba shiri. Yanzu kuwa na ce Gwaggo murya kawai, ko suna ba za a faɗa ba.

Ni ban ma shiga ba, ƙanwata na koya wa danna mayik na rubuta mata tambayoyi a takarda, ta shiga cikin gida ta yi awa guda. Abin da ta fito da shi ya fi nawa. Ana jin tafasar ruwa a tukunya, ana jin ana juya shanshera a kan tabarma, mata huɗu na katse juna suna gardama kan ko jiƙon kwana ɗaya ya isa, da yadda in ka bar ta ta sha rana fiye da kima take karyewa a inji ta zama gutsattsari mai saye ya rage kuɗi, da tsadar itace, da bashin da 'yan kasuwa ke ɗauka sai sun sayar su biya. Tambayoyina uku kawai ta yi ta ajiye takardar. Na ce mata daga yau ɓangaren mata nata ne.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya munka ɗauki azumi, Allah ya karɓa mana. Ɗauka ta koma bayan asham.

Labari biyu na gani makon nan. YouTube sun ce masu kallon fodkas a wajensu sun haura biliyan ɗaya a wata, wato duniya ta karkata ga fodkas na kallo, har a talabijin ake kunnawa a Amurka. Ni kuma nan ina komawa baya zuwa rediyo, ƙanena yana min dariya wai kowa na gaba yaya na baya. Na biyu, Microsoft za su rufe Skype a watan Mayu su mayar da mutane Teams. Na tuna lokacin da yayanmu ke karatu a waje, sai mun je kafe a Birnin Kebbi mun biya kuɗin awa kafin Inna ta ga fuskarsa, tana ta taɓa gilashin kwamfuta. Yau Alhajin Aliero na nuna albasa ta bidiyo daga cikin rumbu.

Laraba, 5 ga Maris

Kashi na shida ya fita. Channel 412. YouTube mabiya 88.

Litinin, 10 ga Maris

Na jawo wa kaina. Mutane sun yi ta cewa in riƙa faɗin farashin kasuwa, sai na ƙara minti biyu a ƙarshen shiri. Makon jiya wani yaro ya turo min farashin shanshera ta saƙo, ban tambaya ba na karanta, ashe na ƙaramin buhu ya ba ni ni kuma na faɗe shi kamar na babba. Yau da hantsi wani dillali ya zo shago ransa a ɓace, da azumi a bakinsa, ya ce masu saye biyu sun zo da waya suna kunna masa muryata suna cewa ana cutarsu, wani kuma can ya kusa sayar da nasa da arha saboda ni. Mutane sun taru. Ba ni da ta cewa, na ce Alhaji ka yi haƙuri kuskure nawa ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ba ni da hanyar janyewa. Bidiyon YouTube ina iya saukewa, na channel ina iya gogewa, amma wanda ya riga ya shiga memori ya haye gulbi fa? Yana can yana yawo daga waya zuwa waya. Na yi gyara na minti ɗaya na watsa, na kuma roƙi duk wanda ya zo shago ya tura wa wanda ya tura wa na farko. Daga yau doka: farashi sai na ji daga bakin mutum biyu da ke cikin kasuwar, in faɗi girman buhu, in faɗi rana da wace kasuwa, a farkon maganar da ƙarshenta. Kuma kowane fayil zan fara shi da kwanan wata, don na gano akwai masu sauraron na Janairu yanzu suna ɗauka na jiya ne.

Asabar, 15 ga Maris

Zafi ya kankama. Waya ta ɗauki zafi ta kashe kyamara da kanta sau biyu ana tsakar hira, ɗakin buhunan nan ya zama tanda, baƙo na ta sharce gumi, fanka kuma ba dama don mayik na kama ta. Mun koma tsakar gida ƙarƙashin darbejiya ƙarfe goma na dare, sauti kawai. An ɗauke wuta kwana biyu, na sayi fawa bank 16,000.

Alhamis, 20 ga Maris

Wani mai shagon taki da maganin feshi da injinan ban ruwa ya aiko a kira ni. Na tafi gabana na faɗuwa na ɗauka wata rigimar ce. Ashe mutum uku ne sunka zo shagonsa neman kan da ake sa wa inji ya koma gas, kuma duk sun ce a shirin sunka ji. Ya ce nawa zan karɓa in riƙa ambaton shagonsa. Ban taɓa tunanin farashi ba, bakina ya ce dubu biyar kowane kashi, ya ce ya biya huɗu, ya tura 20,000 nan take. Ƙanena ya ce na yi arha. Wataƙila.

Sharaɗi ɗaya na gindaya, zan faɗa ƙarara cewa wannan talla ce, kuma ba zan ce maganin feshi kaza ya fi kaza ba don ni ba malamin gona ba ne. Ya ɗan yi jim ya ce to. Na kuma buɗe masa WhatsApp Business na jera masa kayansa da hoto da farashi a katalog, yana ta mamaki wai ashe kyauta ne.

Talata, 25 ga Maris

Ba ɗauka, goman ƙarshe. Shago ya cika da masu sa waƙoƙin salla.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi lafiya, barkanmu. Na zauna da littafi na haɗa lissafin wata uku. Mayik 21,000, ƙafa 8,500, ƙusa da igiya 1,500, memorin banza 6,000, na gaske 11,000, tafiyar Aliero 9,000, fawa bank 16,000, data 33,000. Jimla 106,000. Abin da ya shigo 20,000. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba tukuna, sai dai cinikin shago ya ɗan ƙaru don wanda ya zo karɓar shiri kyauta yakan bar waya a caji ko ya ce a ƙara masa wani abu.

Kashi tara sun fita. YouTube mabiya 131, awa 61 cikin 4,000 ɗin nan. Channel 760. Na memori ba ni da yadda zan ƙirga, sai dai ranar salla a filin idi wani da ban taɓa gani ba ya ji muryata ina gaisawa ya juyo ya ce kai ne na shinkafa.

Abin da ke gaba: girbin rani ya kusa, ina son in bi gonar Kawu tun daga yanka har awo, wannan karon da gashin mayik a aljihu. Ƙanwata na da hira biyu da ta shirya, ɗaya da masu tuyar kifi. Ina neman malamin gona na gaske da zai riƙa amsa tambayoyin da ake turowa ta saƙon murya, sun kai 30 a ajiye, yawanci kan tsutsa da tsuntsaye. Sai masuntan Matan Fada, wajen da ake bikin kamun kifi na Argungu, amma wannan sai na bi ta hannun manya, ba a faɗa musu haka kawai da waya a hannu. Cikakken bidiyo na dakatar da shi sai damina in zafi ya ragu, gajeru kawai zan riƙa sawa. Gobe zan sauke buhunan ɗakin nan, ɓera ya fara gida a ciki.